Turmin Gahawa da Turmin Aro

Kuna wucewa kuna ganina a zaure da battoci jere a gabana, sai ku ce Tanko ya sami sana'ar hutu: ya daka, ya ƙulla, ya miƙa. Biyu daga cikinku ma sun zo mini makon jiya, wai in faɗa musu abin da ake zubawa a yajin gahawa, za su fara nasu. Na faɗa musu, don ba asiri ba ne: citta, kanumfari, kirfa, ɗan masoro. Kowace tsohuwa a kasuwar Bici ta san sunayensu. Amma sanin sunayen kaya bai mai da kowa mai sana'a ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in ba ku labarin yadda na sami wannan sana'a, da yadda na kusa rasa ta cikin kwana uku.

Ni ɗan manoma ne. Unguwarmu tana gabas da Bici, inda gona take manne da gona, in ka jefa dutse sai ya faɗa a shukar wani. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gonarsa tsakaninmu mu biyar, abin da ya zo hannuna bai fi a nome shi kafin hantsi ba. Na duba na ga ba zai ciyar da ni da Inna, mahaifiyata, ba. Sai na tafi wurin Gwaggo Kande, yayar mahaifina, wadda take dakan yaji tana kaiwa kasuwanni, na ce ta koya mini.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai da gemu yana tsiro za ka riƙe taɓarya? Samari za su yi maka waƙa."

"Su yi, Gwaggo. In sun gama waƙar, ai wurina matansu za su zo sayen yaji."

Sun kuwa yi. Shekara guda cur ana kirana Tankon Mata.

Aikin farko da ta ba ni ba daka ba ne. Ta zube mini kwando guda na busasshiyar citta a kan tabarma, ta ce in raba ta gida uku: wadda ta bushe a rana, wadda aka busar a kan hayaƙi, da wadda ƙwaro ya fara ci ta ciki. A ido duk ɗaya suke. Sai ka karya, ka kai hanci. Na yini ina karyawa, da la'asar ta zo ta hargitsa su da ƙafa ta ce in sake. Kwana bakwai ina wannan kafin ta yi shiru ta wuce, shirun nan kuwa shi ne yabonta.

A wurinta na san inda kowane abu yake fitowa. Citta mai yatsu daga kudancin Zazzau take zuwa a kan jakuna. Kimba da masoro da citta mai 'ya'ya, fataken goro ne suke haɗo su a cikin kayansu. Kanumfari da kirfa kuwa sai ayarin raƙuma ya sauka daga arewa, Larabawa su buɗe a birni, sannan mu ƙanana mu samu. A kan kanumfari aka fi yin ha'inci. Akwai masu ajiye shi kusa da randa ya sha danshi ya kumbura. Akwai masu tafasa shi su tatse mansa su yi turare, su shanya gawar su sayar maka. Gwaggo ta koya mini gwaji biyu. Ka danna da farce, in mai ya fito yana da rai. Ko ka jefa a ƙoƙon ruwa: mai kyau yakan nutse ko ya tsaya a tsaye, kansa a sama, wanda aka tatse kuwa sai ya kwanta a kan ruwa kamar kara.

Kayan aikin ba su da yawa. Kasko na gasawa, faifai na sheƙa, rariya mai ƙananan idanu, battocin fata masu murfi, sai turmi da taɓarya. A kan turmi ne Gwaggo ta fi tsanani. Takan ce itace yana shan mai, abin da aka daka jiya yana nan a cikinsa ko an wanke da toka. In turmin ya yi sanyi sai warin ya kwanta, in daka ta ɗumama shi sai ya tashi ya shiga sabon kayan. Saboda haka dokarta ita ce, kafin ka zuba abu mai tsada, ka fara daka tafi guda na dusa har turmin ya yi ɗumi, ka kwashe, ka shinshina dusar. Ita za ta faɗa maka abin da turmin ya ci a bayanka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gahawa kuwa, har na fara kasa kayana ni kaɗai ban taɓa ganinta ba. Wata ranar kasuwa wani dattijo siriri ya tsaya a kaina. Alhaji Sambo ke nan, mutumin Bici, wanda ya tafi Makka a ƙafa yana saurayi, ya yi shekaru yana aiki a garuruwan gabas, ya dawo da furfura da 'yan buhuna biyu na wata ƙwaya mai kama da wake. Ya ce, "Mai yaji, kana da yajin gahawa?"

Ɗan kasuwa ba ya son ya ce babu. Na ce, "Akwai, Alhaji." Na ɗebo masa yajin kunu, mai barkono, na ƙulla a ganye.

Kasuwa mai zuwa sai ga shi, ya tsugunna a gabana ya ce, "Ɗana, me na yi maka?"

"Ni, Alhaji?"

"Na sha finjali guda, na yi tari har maƙwabta suka shigo da salati. Ka san gahawa kuwa?"

"Wallahi ban san ta ba."

"To da ka faɗi haka tun farko, da maƙogwarona yana nan lafiya. Tashi mu je ka gan ta."

A zaurensa ya gasa ƙwayar a kasko har ta yi duhu tana ƙyalli, ya daka ta, ya zuba a wata 'yar tukunya mai dogon wuya da ya zo da ita daga gabas, ya tafasa. Ya ba ni na kurɓa ba komai a ciki. Ɗaci kamar maɗaci. Ya ce, "Yauwa. Wannan ɗacin shi ne mai gida. Duk abin da za ka zuba, rakiya zai yi masa, ba zai ture shi ba." Citta don ɗumi, ita ce mai yawa. Kanumfari kaɗan, don shi in ya yi yawa sai harshe ya mutu. Kirfa don ta tausasa ɗacin. Masoro ƙwaya biyu uku, ba don a ji shi ba, don ya tashi sauran. Barkono kuwa, ya ce in ya sake ganinsa kusa da tukunyarsa zai kai ni gaban alƙali.

Na yi wata uku ina kai masa gwaji. Wani ya ce ya yi kama da maganin ciwon haƙori, wani ya ce ƙamshin jakar tsohuwa yake yi. Ranar da ya sha bai ce komai ba ya miƙo finjalin a ƙara masa, na gane irin Gwaggo ne shi ma.

A nan na yanke shawarar yin turmi na musamman. Maƙwabcinmu na bayan danga, Nomau, Bamaguje ne, masassaƙi, gidansu da namu tun kakanni tare ake noma, tare ake suna da jana'iza. Na ce ya sassaƙa mini ƙaramin turmi na ƙirya, mai zurfi, wanda ba abin da zai taɓa shiga cikinsa sai yajin gahawa.

Ya yi dariya har ya ajiye gizago. "Turmi guda don abu guda? To kai ma ka yi bakin shan ruwa dabam, na cin tuwo dabam."

"Kai dai sassaƙa."

Ya sassaƙa, turmin da ban taɓa ganin mai kyaunsa ba. Na ajiye shi a ɗakina, na rufe bakinsa da faifai.

Masu sayen yajin gahawa ba su taɓa yawa a ƙauye ba, amma in sun kama ka ba sa saki. Alhazai ne da suka saba da ita a hanya, da wasu malamai, da madugai biyu uku. Kowa da halinsa. Wani yana so a ɗiga masa zuma. Wani ba ya son zaƙi a ciki, sai ya sa dabino a kumatu yana kurɓa a kai. Mai hali yakan fasa ɗan sukari daga dunƙulen da Larabawa suke kawowa. Akwai wani Buzu da yake jefa ɗan man shanu, na kalle shi na ce a raina, cikinsa ne. Aikina in tuna wa ke son citta da ƙarfi, wa ke gudun kanumfari, in haɗa wa kowa tasa batta. Ban yi arziki ba, amma na sayi jaki, Inna ta daina surfen mutane.

Sai shekarar da ayarin arewa bai zo ba. Aka ce hanya ta ɓaci, raƙuma sun tsaya can cikin rairayi. Aka jira har kaka, shiru. Kanumfari da kirfa suka ɓace a kasuwa kamar ba a taɓa yin su ba. Abin da ya rage a hannun 'yan koli duk tatsattse ne, ka jefa a ruwa ya kwanta. Masu sayena suka fara shan gahawarsu da citta kaɗai, wadda kowa zai iya daka wa kansa a gida. Na ga sana'ar tana zamewa daga hannuna.

Cikin wannan hali Alhaji Sambo ya aiko in zo. Ya ce akwai wani Balarabe a birni, mutumin Tarabulus, ana ce masa Sidi Bashir, sun san juna tun a hanya. Nasa kayan ƙamshin sun ƙare tunda ayarinsa ne bai iso ba, ga shi ranar Juma'a zai tara 'yan'uwansa fatake a gidansa, kuma a wurinsu abin kunya ne a ba baƙo gahawa tsirara.

"Na ce masa na san wani ɗan ƙauye da zai fitar da shi kunya," in ji Alhaji. "Ya yi mini dariya, ya ce ɗan ƙauye ya san yajin tuwo dai. Na ce in bai gamsu ba, kada ya sake karɓar maganata a kan komai. Ka ji abin da na ɗora a kanka. In ka yi, gidansa da gidajen 'yan'uwansa naka ne. In ka ɓata, ni da kai mun ɓata tare. Ran Alhamis za mu shiga birni."

Na ce to. Na san wani mai turare a Ɗambatta da yake ɓoye kanumfari na gaske da ɗan kirfa. Na ɗora waken da na noma a kan jakina na tafi. Mutumin ya san abin da yake riƙe da shi. Bai saki ba sai da na bar masa waken da jakin duka. Na gwada kowace ƙwaya a ƙoƙon ruwa a gabansa yana tsaki, duk suka tsaya a tsaye. Na ɗaure su a ƙunshi, na rataya a wuya, na dawo gida a ƙafa ranar Litinin da azahar.

Ga kuskuren. Na shiga ɗaki na tarar da turmina a inda na bar shi, faifai a kai, cikinsa fes, har ya fi yadda na bar shi haske. Wannan hasken ma ya isa ya tsayar da ni in yi tambaya. Amma ina sauri, ga gajiya, kuma yini guda kanumfari yana ƙarƙashin haɓata, hancina ba ya jin komai sai shi. Na dubi ƙwaryar dusa na ce, turmin da ba wanda yake taɓawa, me zan gwada? Na gasa kayana, na zuba duka, ban rage ko ƙwaya ba, na daka, na tankaɗe, na cika batta.

Washegari da safe na kai wa Alhaji ya ɗanɗana. Ya tafasa gahawa, ya ɗebi yajin da bakin wuƙa ya zuba. Tururi na tashi na ga ya ja da baya. Ya sake matsowa ya shinshina, ya dube ni.

"Tanko, gahawa muke dafawa ko miyar kuka?"

Na sunkuya a kan tukunyar. Daddawa. Daddawa da tafarnuwa, ƙarara, sun hau kan kanumfarin sun zauna.

Ban tsaya sallama ba na koma gida. Inna tana tsakar gida tana kaɗi. Na ce, "Inna, wa ya taɓa turmina?"

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Surukar Nomau ta haihu ran Asabar. Turminsu ya tsage, suna son dakan yajin mai jego. Babban namu yana cike da gero jiƙaƙƙe. Sai na ba su naka."

"Gidan masassaƙi ba turmi?"

"Ya sayar da su duka ran kasuwa. Ai sun wanke maka shi da toka da yashi, har rana suka shanya shi."

"Inna, jakina da wakena suna cikin turmin nan. Da sunan Alhaji."

Sai ta ajiye mazari. "To me kake so in ce musu? Mace ta haihu, an zo ƙofata aron turmi, in ce akwai amma ba na bayarwa? Ranar da na haife ka, uwar Nomau ce ta daka mini yaji, a turminta, da hannunta. A unguwar nan ba a taɓa hana turmi ba, ba kuwa daga ɗakina za a fara ba."

Gaskiya ta faɗa. Gwaggo Kande, wadda a lokacin ta tsufa idonta ya yi rauni, tana zaune a bakin ɗaki tana jinmu. Abu ɗaya ta tambaya. "Ka daka dusa?"

Na ce, "Ban daka ba."

"To bar uwarka ta yi kaɗinta."

Wani abokin kasuwata da ya ji labari ya ce in ƙara citta da yawa ta danne warin, Balarabe ba zai gane ba. Ban bi shawararsa ba, ba kuma don ni waliyyi ba ne. Na riga na ga abin da ruwan zafi yake yi. A bushe za ka iya ɓoye daddawa, a tukunya ba za ka iya ba, kuma gara a kore ni a zaure da a kore ni a gaban baƙi.

Da azahar sai ga Nomau ya shigo da sabon turmi a kafaɗa, wanda ya fara sassaƙa wa wani. Ya dire shi ya ce, "An ce jikana ya cinye maka jaki tun bai yi haƙori ba."

"Ya cinye."

"To ga wannan. Amma ɗanye ne, yana da ɗacin itace."

Sabon turmi sai an horar da shi, aikin da yakan ci mako guda. Mu a ƙasa da kwana guda muka yi shi. Muka zuba garwashi a ciki muka juya har ya yi baƙi, muka kankare. Matan gidan Nomau su huɗu suka zo da taɓarensu suna dakan dusa suna zubarwa, suna dakan wata, suna yi mini waƙar Tankon Mata da na ɗauka an manta da ita. Duk zubi sai in kai wa Gwaggo dusar ta shinshina ta ce, "Saura." Ran Laraba da hantsi ta shinshina ta yi shiru.

Turmi ya samu, amma me zan zuba? Kanumfari ya tafi, kirfa ta tafi. Na baje abin da ƙasarmu da kudu suke bayarwa a kan faifai, na zauna ina tunanin aikin da kowane ɗaya yake yi a tukunya. Citta mai yatsu tana nan, ɗumi bai ɓata ba. Ƙamshin da yake hawa hanci, wanda kanumfari yake bayarwa, na nema a citta mai 'ya'ya: na ɓare ta, na gasa 'ya'yan sama-sama, da sun fara tsalle a kasko na sauke. Kimba tana da ƙamshin hayaƙi mai daɗi, amma 'ya'yanta ɗaci ne da su, gahawa kuwa ba ta neman ƙarin ɗaci. Na tsaga kowace ɗaya na zubar da 'ya'yan, na ɗauki ɓawon kaɗai. Aikin kirfa na tausasawa kuma na ba busasshen dabino, wanda na gasa har ya yi ƙaras na daka tare da su.

Ina cikin haka Inna ta zo ta ajiye wani abu a gefen faifan ta juya ta tafi. Tsakiyar kanumfari ce da aka shirya a zare, irin wadda mata suke ratayawa a wuya a zamaninsu don ƙamshi, tun ta aurenta. Na tsinke ƙwaya uku na jefa a ruwa. Duk suka kwanta, shekaru sun shanye su. Na zuba su a turmin duk da haka. Ba su ƙara komai ba, ba su rage komai ba.

Sau biyar ina haɗawa ina kai wa Alhaji a ranar. Gahawarsa da yake tattali kamar ido muka yi ta ƙonawa. A na biyar ya ce, "Ba shi ba ne. Amma wani abu ne. Mu je, Allah ya rufa asiri."

Ran Alhamis muka yi sammako, muka bi ta Dawanau, muka shiga birni bayan la'asar, ƙafafuna duk sun yi kanta. Sidi Bashir babban mutum ne mai jan gemu, yana jin Hausa sarai, sai dai yana taunata. Muka gaisa a zaurensa. Kafin Alhaji ya buɗe baki na ajiye battoci biyu a gabansa na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ita ce wadda aka yi maka alkawari, da kanumfari da kirfa na gaske. Na ɓata ta da hannuna. Wannan kuma ita ce abin da na iya yi bayan haka. Kanumfarin da ke cikinta bai kai a ambata ba."

Ya buɗe ta farko, ya sa hanci, ya ɗago. "Wannan ai lafiya take."

"A sa mata ruwan zafi."

Aka kawo, ya zuba kaɗan a finjali. Da warin ya doke shi sai ya kawar da kai yana faɗin wani abu da Larabci wanda Alhaji ya ƙi fassara mini har ya rasu. Ya ce, "Yaya aka yi haka?" Na ba shi labarin turmi da mai jego. Ya dubi Alhaji. "Wannan ne gwanin naka? Wanda ya zuba kanumfarin ƙarshe na ƙasar Kano a turmin miya?"

Alhaji ya ce, "Shi ne. Sha ta biyun tukuna, sannan ka zage mu gaba ɗaya."

Aka dafa gahawa, ni na auna yajin da kaina. Sidi Bashir ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya shanye, ya miƙa aka ƙara. A finjali na uku ya ce, "Mai yaji, mene ne wannan da yake tashi a bayan citta?"

Na ciro citta mai 'ya'ya guda daga aljihu na ba shi. Ya fasa, ya tauna ƙwaya ɗaya, ya daɗe yana kallon sauran a tafin hannunsa.

"Kakata takan sa wannan a gahawa a garinmu," ya ce. "Ƙwaya-ƙwaya take sayenta, tana ɓoyewa a akwati. Ni kuma shekara nawa ina ɗora buhunanta a kan raƙuma ina aikawa can, ban taɓa tunanin in jefa ta a tukunyata ba." Ya juyo gare ni. "Kimbar ta yi yawa. Ka rage. Wannan battar ta ishe ni gobe, amma ran Juma'a mai zuwa ina son uku."

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Ɗan ƙauye dai."

"Kai kuma yi mini shiru," in ji Sidi Bashir.

Daga wannan Juma'ar gidaje huɗu na Larabawa suka zama nawa. Da ayari ya dawo shekara ta gaba, kanumfari ya cika kasuwa, na ɗauka za su koma wa nasu. Ɗaya ya koma, amma Sidi Bashir da mutum biyu suka ce a ci gaba da yi musu na shekarar wahala, a ɗan ƙara kanumfari a kai kawai. Shi ne haɗin da kuke gani a jar battar nan, wanda yanzu ya fi kowanne tafiya. Kafin damina ta biyu na sayi wani jakin.

Ɓatacciyar battar ma ban zubar ba. Na ƙara mata barkono da gishiri da garin ƙuli-ƙuli, na kai wa masu tsire a kasuwar Bici, na faɗa musu ainihin abin da ya faru. Suka barbaɗa a nama, kafin la'asar tsirensu ya ƙare. Har yau suna aiko mini a yi musu irin na kuskure.

Abin da na canza bayan wannan abu biyu ne. Na farko, ko ni kaɗai na kwana da turmi a ɗaki, ƙofa a rufe, sai na daka dusa na shinshina kafin in zuba komai. Na biyu, ban hana aro ba, don ba zan zauna a unguwa ina mutumin da ya hana mai jego turmi ba. Tsohon turmin nan da ya sha daddawa, shi na fitar na ajiye a bakin zaure, da taɓaryarsa a jingine. Duk mai so ya ɗauka, ba sai ya tambaya ba. Tunda yana nan a fili, ba wanda ya sake leƙa ɗakina neman wani.

Saboda haka ku biyun da kuka zo tambaya, da duk mai sha'awa, ƙofata a buɗe take, sana'ar kuma tana da wurin mutum fiye da ɗaya, don masu shan gahawa ƙaruwa suke yi. Za ku fara da kwandon citta kamar yadda na fara. Amma kafin ku zo, kowa ya je a sassaƙa masa turmi biyu, ɗaya nasa, ɗaya na mutane. In kuna son ganin nawa na aron, sai ku dawo jibi. Yanzu ba ya nan. Yana gidan jikan Nomau, wanda ya cinye mini jaki, matarsa ta haihu shekaranjiya.